Darasi na Goma Sha Huɗu: Robert Garrett, Gwanin Jifa na Farko a Wasannin Olamfik

A cikin wasannin guje-guje da tsalle-tsalle akwai rukunin da ake kira wasannin jifa. Iri huɗu ne: jifan mashi, da jifan guduma, da jifan dalma, da jifan faifai. Mashi dai ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin maharba da mayaƙan da sun san shi. Sauran ukun kuwa da zamani suka shigo. Dalmar da ake jefawa wani dunƙulen ƙarfe ne mai nauyin kilo 7.26 ga maza, wanda ake ɗorawa a gindin wuya a tura da hannu ɗaya. Faifan kuma ba irin wanda mata ke saƙawa don rufe ƙwarya ba ne, ko da yake sun yi kama. Shi wannan an zagaye bakinsa da ƙarfe, kuma nauyinsa kilo 2 ne.

Mutumin da ya fara cin gasar faifai da ta dalma a wasannin Olamfik na zamani wani ɗalibi ne ɗan Amurka mai suna Robert Garrett. Bai daɗe yana wasa ba, kuma nisan jifansa ba abin a zo a gani ba ne idan aka auna shi da na yau. Abin da ya sa labarinsa ya cancanci karatu shi ne yadda yake nuna waɗanda aka buɗe wa ƙofar filin wasa a wancan zamani, da waɗanda aka rufe wa.

Ɗan gidan arziki

An haifi Garrett a 1875, kusa da birnin Baltimore a jihar Maryland. Kakansa, John Work Garrett, shi ya shugabanci kamfanin jirgin ƙasa na Baltimore and Ohio daga 1858 har rasuwarsa a 1884, kuma dangin suna da bankinsu na kansu. Mahaifinsa ya rasu a haɗarin jirgin ruwa a 1888. Da ya isa karatu mai zurfi sai ya shiga Jami'ar Princeton, inda ya zama shugaban 'yan wasan guje-guje da tsalle-tsalle. Dalma da tsalle ne fannoninsa.

A Princeton akwai wani shehun malamin tarihi, William Milligan Sloane, abokin Bafaranshen nan Pierre de Coubertin wanda ya jagoranci farfaɗo da wasannin Olamfik. Sloane yana cikin kwamitin da aka kafa a Paris a 1894 don wannan aiki, saboda haka da aka tsayar da cewa za a yi wasannin farko a Atina, babban birnin Girka, a 1896, sai ya shiga neman ɗaliban da za su je.

A nan ne maganar kuɗi ta taso. Ƙa'idar wasannin a lokacin ita ce kada ɗan wasa ya karɓi ko anini saboda wasansa. A baki ƙa'ida ce mai daɗin ji, amma a aikace ta tsame talaka gefe, domin wanda sai ya fita ya nema sannan a ɗora tukunya a gidansa ba zai iya barin aiki na makonni ya ƙetare teku ba. Gwamnatin Amurka ba ta ba da ko kwabo ba. Ɗalibai huɗu ne suka tafi daga Princeton, wato Garrett da Francis Lane da Albert Tyler da Herbert Jamison, kuma gidan su Garrett ne ya ɗauki nauyin tafiyar. Yawancin sauran 'yan tawagar daga birnin Boston suka fito. Ɗaya daga cikinsu, James Connolly, ɗan talakawan da suka yi ƙaura daga Ailan, ya nemi izinin tafiya a Jami'ar Harvard aka hana shi, sai ya bar jami'ar ya kama hanya.

Faifan maƙeri

Sloane ne ya ba Garrett shawarar ya gwada jifan faifai. To, amma a Amurka ta lokacin ba a yin wannan wasa, balle a sami faifan da za a saya a kanti. Shi kansa wasan ya yi ƙarnoni da mutuwa. Abin da ya rage game da shi sai siffofin da ke jikin mutum-mutumi da tsofaffin tukwanen Girkawa, da 'yan bayanai a cikin littattafan mutanen da. Garrett ya duba waɗannan, ya kai wa wani maƙeri kwatanci, aka ƙera masa faifai. Da aka kawo sai ga shi jibgegen ƙarfe. Wasu masu tarihi sun ce nauyinsa ya kai kilo 10, wasu sun ce ya fi haka. Ya gwada jefawa ya ga abin ba na yi ba ne, sai ya ajiye shi, ya cire maganar faifai daga ransa.

Tawagar ta tashi a jirgin ruwa mai suna Fulda ranar 21 ga Maris, 1896, ta sauka Naples a Italiya. Daga nan suka bi jirgin ƙasa zuwa Brindisi, suka sake shiga jirgin ruwa zuwa Patras, sannan jirgin ƙasa ya kai su Atina ana gobe za a fara wasa. Girkawa a lokacin suna bin tsohuwar kalanda wadda ke bayan ta sauran Turai da kwana 12. Ranar buɗe wasannin, 6 ga Afrilu a lissafin Amurkawa, ita ce 25 ga Maris a nasu lissafin, wato ranar da suke tunawa da tashin da kakanninsu suka yi don ƙwace kansu daga mulkin Turkawa. Sarki George na Ɗaya ne ya buɗe taron a tsohon dandalin wasa na birnin, wanda wani attajiri, George Averoff, ya biya kuɗin sabunta shi da farin dutse.

A Atina ne Garrett ya fara riƙe faifai na gaskiya. Ashe nauyinsa kusan kilo 2 ne kawai. Wanda ya yi fama da faifan maƙeri, wannan a hannunsa kamar marfin tukunya yake. Ya ɗan gwada shi, sai ya sa sunansa cikin gasar, wadda aka shirya yi a ranar farko.

Dole a fahimci matsayin wannan gasa a wurin Girkawa. Su a ganinsu jifan faifai gadon gidansu ne. Tun shekara ta 708 kafin haihuwar Annabi Isa aka shigar da shi cikin wasannin Olamfik na da, kuma mutum-mutumin mai jifan faifai da Myron ya ƙera a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa yana cikin abubuwan da duniya ta san Girka da su. Idan baƙi sun fi su gudu ko tsalle, za a iya haƙuri. Amma faifai, a ranar tunawa da 'yanci, a gaban sarki, ba wanda ya kawo wa ransa cewa zai suɓuce musu. 'Yan wasansu, Panagiotis Paraskevopoulos da Sotirios Versis, sun daɗe suna shiri, kuma suna jifa cikin tsari mai ban sha'awa, suna kwaikwayon tsayuwar mutanen da.

Garrett kuwa ba shi da tsari, sai tsawo da ƙarfin hannu irin na mai jifan dalma. Thomas Curtis, ɗan tawagar Boston wanda ya ci gasar gudun tsallake shinge, ya ba da labari daga baya cewa jifan Garrett na farko-farko ya zama abin dariya, faifan yana tafiya yana juyawa a karkace, har ya kusa faɗa wa 'yan kallo. Paraskevopoulos ya jefa mita 28.95 da ɗoriya, jama'a suka ɗauka magana ta ƙare. Sai Garrett ya zo jifansa na ƙarshe. Da aka auna aka sami mita 29.15. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai santimita 20 ba, wato kamar taƙi ɗaya. Abin yabo ga mutanen Atina shi ne, duk da baƙin cikin da suka ji, sun karrama baƙon nasu.

Kashegari, 7 ga Afrilu, ya ci gasar dalma da jifan mita 11.22, Bagirke Miltiadis Gouskos yana biye da shi. A ranar kuma ya zo na biyu a tsallen nesa. Ranar 10 ga wata ya sake zuwa na biyu a tsallen sama, inda suka yi kunnen doki da Connolly, yayin da Ellery Clark ya ci duka tsallen biyu. A wannan rana ce Spyridon Louis ya share wa Girkawa hawaye da ya ci gudun famfalaki daga garin Marathon zuwa Atina. Daga cikin gasa 12 na guje-guje da tsalle-tsalle da jifa, Amurkawa sun kwashe 9.

Littattafan yau sukan rubuta cewa Garrett ya sami lambobin zinariya 2 a Atina. Wannan lissafi ne na baya-bayan nan. Abin da aka ba wanda ya zo na ɗaya a 1896 shi ne lambar azurfa da reshen zaitun da takardar shaida. Sai a 1904, a birnin St. Louis, aka fara raba zinariya da azurfa da tagulla kamar yadda aka saba.

Haka kuma bai kamata a ɗauka cewa shi ne ya fi kowa jifa a duniya a shekarar ba. Tun a 1893 wani ɗan Kanada, George Gray, ya jefa dalma fiye da mita 14, wato ya zarce jifan Garrett da mita 3. Amma Gray bai je Atina ba, haka ma manyan majefan Ailan da Ingila. Garrett ya ci waɗanda suka zo ne, kuma ya zo ne domin yana da halin zuwa. Wannan bai rage masa jarumtar da ya nuna ba, sai dai ya kamata a san shi.

Paris, da waɗanda suka biyo baya

Bayan shekara 4 ya sake fitowa a wasannin Paris na 1900. Waɗannan wasanni an jingina su ne da babban baje kolin duniya da aka yi a birnin, kuma shirinsu bai yi kyau ba. A kan ciyawa aka yi guje-guje, a cikin dajin shaƙatawa na Boulogne, inda itatuwa suka tsaya a kusa da wurin da faifai ke sauka. An ruwaito cewa jifan Garrett duk a itatuwan ya ƙare. Rudolf Bauer na Hungari ne ya ci da mita 36.04. Cikin shekara 4 kacal nisan ya ƙaru da kusan mita 7, domin 'yan wasa sun fara gane dabarun faifai. Wanda ya zo na biyu, František Janda-Suk na Bohemiya, shi ake danganta wa dabarar juya dukan jiki kafin a saki faifan, wadda majefa suka bi daga baya.

A gasar dalma kuwa an sa zagayen ƙarshe ranar Lahadi. Garrett da wani Ba'amurke, Josiah McCracken, suka ƙi fitowa saboda girmama ranar ibada. Da yake an lissafa jifan da suka yi a zagayen farko, McCracken ya zo na biyu, Garrett na uku, Richard Sheldon kuma ya ci da mita 14.10. Garrett ya ƙara samun matsayi na uku a tsalle uku na tsaye. Daga nan bai sake shiga wasannin Olamfik ba.

Waɗanda suka karɓi jifa a Amurka bayansa ba 'ya'yan masu banki ba ne. Yawancinsu 'yan ci-rani ne daga Ailan. John Flanagan ya ci gasar guduma sau uku a jere, a 1900 da 1904 da 1908. Martin Sheridan ya ci ta faifai a 1904 da 1908. A 1912 Matt McGrath ya ci guduma, Pat McDonald ya ci dalma. Su huɗun nan duk sun yi aikin ɗan sanda a New York, kuma saboda girman jikinsu da yawan cinsu aka yi musu laƙabi da sunan babban kifin teku. Ƙungiyar wasa ta 'yan Ailan da ke birnin ba ta cika duba asali ba. A cikinta ne John Baxter Taylor ya yi wasa, baƙar fatar Amurka na farko da ya sami lambar zinariya a Olamfik, a 1908. Daga baya nisan jifa ya yi ta ƙaruwa: a 2023 Ryan Crouser ya jefa dalma mita 23.56, a 2025 kuma Mykolas Alekna na Lituweniya ya jefa faifai mita 75.56.

Littattafan Madina

Tun kafin wasannin Paris hankalin Garrett ya fara komawa wani wuri. A 1899 zuwa 1900 ya bi ayarin masu binciken kufai zuwa ƙasar Sham, ƙarƙashin Howard Crosby Butler, shi ne mai auna ƙasa da zana taswira. A cikin ayarin akwai Bajamushen nan masanin harsunan Gabas, Enno Littmann. A 1900 Garrett ya sayi rubutattun littattafai fiye da 1,000, yawancinsu na Larabci, daga kamfanin Brill na birnin Leiden a ƙasar Holan. Asalinsu na wani malamin Madina ne, Amin ibn Hasan al-Halawani, wanda ya je Holan da littattafai a 1883 ya kuma halarci taron masana Gabas a Leiden. Wanda ya fassara bayanin malamin game da taron zuwa harshen Holan shi ne Snouck Hurgronje, wanda a 1884 ya sauka Jidda, ƙofar da alhazai ke shiga Hijaz, kafin ya wuce Makka a 1885. Zamani ne da littattafan Hijaz ke tafiya Turai, masu bincike na Turai kuma suna tahowa Hijaz.

Garrett ya koma aikin bankin gidansu, amma bai daina sayen littattafai ba. A 1938 Philip Hitti da abokan aikinsa suka wallafa jerin sunayen na Larabci, a 1942 kuma ya ba Jami'ar Princeton tarin nasa kyauta, kimanin littattafai 10,000. Da wannan kyauta ce jami'ar ta mallaki tarin rubutattun littattafan Musulunci mafi girma a Arewacin Amurka. Ɗalibin da ke nazarin fiƙihu ko nahawu ko tarihin Musulunci zai iya cin karo da sunan Garrett shekara da shekaru bai san cewa majefin faifai ne ba.

Filayen Baltimore

Wasa ma bai bar shi ba. A 1909 ya kafa ƙungiyar shirya wa yaran Baltimore wasanni, ya zuba mata kuɗinsa, ya kuma taimaka wajen kawo ƙungiyar 'yan sikawut birnin. Daga baya ya zama shugaban hukumar da ke kula da filayen wasa da wuraren shaƙatawa. Yara da yawa waɗanda iyayensu ba su da halin komai sun sami wurin gudu da tsalle ta dalilinsa.

Sai dai filayen a rabe suke: na farare daban, na baƙaƙe daban, kuma na baƙaƙen ba su kai na fararen yawa ko kyau ba. Garrett bai ga aibin wannan ba, ya ma tsaya kai da fata a kan a ci gaba da shi. Ranar 11 ga Yuli, 1948, wasu matasa farare da baƙaƙe suka taru a filin Druid Hill don su buga tanis tare, da gangan, a gaban jama'a. 'Yan sanda suka kama fiye da mutum 20. Shahararren ɗan jaridar birnin, H. L. Mencken, ya yi tir da dokar a sharhi na ƙarshe da ya rubuta a jarida. Duk da haka Garrett bai sauya ra'ayi ba, har a 1950 aka nemi ya ajiye muƙaminsa. Ba za a ce zamaninsa ne kawai ya zo da haka ba, domin a wannan birni da wannan lokaci akwai fararen da aka kama tare da baƙaƙen.

A 1954 Kotun Ƙoli ta Amurka ta haramta wariya a makarantun gwamnati, a shari'ar da lauya Thurgood Marshall, haifaffen Baltimore, ya jagoranta. A 1955 kotun ta tabbatar da irin wannan hukunci a kan wuraren iyo na bakin ruwa da birnin Baltimore ke gudanarwa. A wasannin Roma na 1960 wata baƙar fatar Amurka, Earlene Brown, ta sami lambar tagulla a jifan dalma na mata da mita 16.42. Garrett ya rasu a Baltimore ƙasa da shekara guda bayan haka, ranar 25 ga Afrilu, 1961, yana da shekara 85.

Kalmomi da salon magana

Majefi: mai jifa. Jam'insa majefa. A lura da tsarin ma- a farkon suna, kamar a maƙeri da maharbi da mayaƙi.

Abin a zo a gani: abu mai ban mamaki ko ƙayatarwa. An fi amfani da shi tare da korewa.

Ko anini, ko kwabo: sunayen tsofaffin ƙananan kuɗi ne. Bayan korewa suna nufin babu komai sam.

Taƙi: nisan da ke tsakanin babban yatsa da ɗan yatsan tsakiya idan an ware hannu.

Kunnen doki: a tashi gasa ba wanda ya fi wani.

Tsaya kai da fata: dagewa a kan abu ba sassauci.

Ashe: kalma ce da ke nuna an gano abin da ba a zata ba.

Tambayoyi

1. Ta yaya ƙa'idar hana ɗan wasa karɓar kuɗi ta shafi waɗanda suka je Atina a 1896? Ku kwatanta halin Garrett da na Connolly.

2. Me ya sa Girkawa suka fi jin zafin rasa gasar faifai a kan sauran gasa?

3. An ce Garrett ya ci waɗanda suka zo ne. Waɗanne hujjoji aka kawo a kan haka?

4. Ku nemo jimloli biyar masu ɗauke da kalmar sai, ku bayyana aikinta a kowace jimla.

5. Ku rubuta shafi guda a kan wani ɗan wasa na ƙasarku wanda rayuwarsa bayan barin wasa ta jawo muhawara.